Yadda Ake Koyon Dank a Ƙwallon Kwando Har a Kai ga Shiga Gasa

Tun shekarar 1891, lokacin da James Naismith ya kafa kwandunan farko a wani ɗakin motsa jiki da ke garin Springfield na Amurka, tsayin bakin kwando bai canza ba: ƙafa 10 ne daga ƙasa, wato mita 3.05. Duk mai son yin dank, ma'ana ya tashi sama da ƙwallo ya danna ta cikin zobe da hannunsa maimakon ya jefa ta daga nesa, da wannan tsayi zai yi ta fama, kuma tsayin ba ya yi wa gajere rangwame. Na daɗe ina bin wannan fanni, ina kuma lura da matasan da suke shigarsa da zafinsu, kuma abin da na fi gani shi ne yawancin waɗanda suka tsaya a hanya gwiwa ce ta tsayar da su, domin sun matsu su tashi tun ba su koyi sauka ba. Saboda haka zan fi daɗewa a kan maganar ƙafa da jijiya, kafin mu zo kan salon da ke sa 'yan kallo su miƙe tsaye.

Aikin farko a jikin bango ake yin sa. Ka shafa alli a yatsunka, ka tsaya a gefen bango sanye da takalmin da kake wasa da shi, diddige a ƙasa, ka miƙa hannu iya miƙuwarsa ka dangwala. Ka auna daga ƙasa zuwa wannan tabo, shi ne iya inda kake kaiwa a tsaye. Kafin ƙwallo ta tsallake bakin zobe, sai yatsu sun haura shi da kimanin santimita 15, wato sun kai mita 3.20. Idan tabon allinka yana kan mita 2.40, tsallen da kake bukata na santimita 80 ne, idan kuwa yana kan mita 2.50, na santimita 70 ya wadatar. Daga nan sai ka ƙara shafa alli, ka taho da ɗan gudu ta gefen bangon, ka yi tsalle ka taɓa shi sau 3, ka ɗauki tabon da ya fi nisa. Tazarar da ta rage tsakanin wannan tabo da mita 3.20 ita ce ainihin aikin da ke gabanka. Ka rubuta ta da kwanan wata, sannan ka riƙa maimaita awon bayan kowane mako 4, domin tsalle yakan hau ya sauka daga rana zuwa rana gwargwadon gajiya da barci, kuma mai aunawa kullum yakan karya wa kansa gwiwa ba gaira ba dalili.

Wannan awo yana nuna cewa inda hannu yake kaiwa ya fi tsawon jiki tasiri, kuma ƙarancin tsayi bai rufe ƙofa ba. A shekarar 1986 a birnin Dallas, Spud Webb mai tsayin kimanin mita 1.70 ya lashe gasar dank ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, inda ya doke abokin wasansa na ƙungiya ɗaya, Dominique Wilkins, mai tsayin mita 2.03. Nate Robinson mai mita 1.75 ya lashe ta sau 3, a 2006 da 2009 da 2010. Ban kawo sunayensu don in yi wa kowa alkawari ba, domin irinsu ba su da yawa a duniya, kuma gado yana da rabonsa a cikin saurin tsoka. Abin da zan iya faɗa da tabbaci shi ne, wanda bai taɓa horar da tsallensa ba yana da sauran fili mai faɗi a gabansa, kuma ba zai san iyakarsa ba sai ya yi watanni yana aiki da tsari.

Masu tsalle iri 2 ne, kuma ya kamata mutum ya gano nasa da wuri. Akwai masu tashi da ƙafa ɗaya, waɗanda ke mayar da gudu ya zama tsawo, kamar yadda Michael Jordan da Zach LaVine suka riƙa tasowa daga layin da ake tsayawa a yi jifa idan an yi wa ɗan wasa ƙeta, wanda ke da nisan ƙafa 15 daga allon da zobe ke manne da shi. Akwai kuma masu tashi da ƙafa biyu, irin su Wilkins da Aaron Gordon, waɗanda suke dunƙule ƙarfinsu wuri guda su tashi tsaye cak, abin da ke ba su damar juyi da wulwula hannu a sama. Ka gwada duka biyun a awon alli. Wanda ya fi kai ka nesa shi ne naka a yanzu, da shi za ka nemi dank ɗinka na farko, ɗayan kuma ka riƙa taɓa shi jefi-jefi. Mai amfani da hannun dama, idan da ƙafa ɗaya zai tashi, da ta hagu yake tashi.

Yanzu sai tahowa, wadda a ganina ita ce wurin da ake tsintar santimita mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Taku 3 zuwa 5 sun ishi mai koyo. Ƙa'idar ita ce kowane taku ya fi wanda ya gabace shi sauri, ta yadda mutum zai kai ƙarshen gudunsa daidai lokacin tashi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a taho a guje tun daga nesa, a zo dab da kwando a riƙa 'yan gajerun taku ana neman inda za a dasa ƙafa, duk gudun da aka tara ya zube a ƙasa. Takun kusa da na ƙarshe shi ne ƙashin bayan tsallen baki ɗaya: ya zama dogo, ƙugu ya yi ƙasa, ƙirji yana tsaye, hannuwa biyu sun koma baya. Takun ƙarshe kuwa gajere ne mai sauri, ƙafa ta dira a gaban jiki kamar birki, ta juya gudun da ke tafiya gaba ya koma sama. Mai tashi da ƙafa biyu yakan ɗan karkata ƙafar ƙarshe zuwa ciki domin birkin ya kama sosai. A daidai wannan lokaci hannuwa suke wurgowa sama da ƙarfi, kuma dole su riga jiki tashi, domin hannun da ya makara nauyi ne kawai. Ka jingina waya a gefen fili daidai tsayin ƙugu, ka ɗauki bidiyon kanka, ka kalle shi a hankali. Za ka ga abin da jikinka ba ya gaya maka, musamman ko ƙugunka yana sauka a takun kusa da na ƙarshe, ko kuwa sai ka dasa ƙafa sannan kake durƙusawa, wanda ke cinye lokaci ya kashe tsalle.

Ba ƙaramin darasi ba ne cewa a gasar dank ta farko da ta yi suna, wadda ABA, wata tsohuwar gasar ƙwararru ta Amurka, ta shirya a Denver a 1976, Julius Erving sai da ya tsaya a layin jifa ya ƙirga takunsa yana komawa baya, sannan ya juyo ya taho ya tashi. Gwani ma auna tahowarsa yake yi. Kai ma ka sa alama a inda kake farawa, ka riƙa farawa daga nan da ƙafa guda a kowane lokaci, har ƙafafun su haddace hanya.

Sauka kuwa, kafin tashi ake koyonta. Ka hau akwati ko dakali mai tsayin santimita 30, ka sako ƙafa ɗaya ka faɗo ba tare da tsalle ba, ka dira a kan ƙafa biyu lokaci guda. Gaban tafin ƙafa ne zai fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo baya, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe tare, gwiwoyi suna kallon inda yatsun ƙafa suke kallo ba tare da sun karkato ciki sun nufi juna ba. Ka tsaya cak na sakan 2. Kunne ma yana taya ka hukunci, domin sauka mai kyau ba ta da ƙara, wadda kuwa ta yi tim alama ce ta cewa gaɓoɓi ne suka karɓi nauyin maimakon tsoka. Akwai wani matashi da muka taɓa yin atisaye tare, wanda ya riƙa tsalle a kan siminti safe da yamma ba hutu. Ranar da yatsunsa suka fara kama zobe, murnarsa ba ta misaltuwa. Bayan 'yan makonni sai na gan shi yana saukowa daga matakala yana dafa bango, in ya tsaya sai ya sa babban yatsa yana danna ƙasan ƙoƙon gwiwarsa yana yamutsa fuska. Ya shafe watanni bai koma fili ba, kuma da ya dawo sai da ya faro daga ƙasa da inda ya bari. Hausawa sun ce da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fitowa.

Ciwon da ya kama shi sananne ne, har ana kiransa gwiwar masu tsalle. Yana samun jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri. Dalilinsa shi ne tsoka tana ƙarfi da sauri fiye da jijiya, sai mutum ya ji ƙarfinsa ya ƙaru ya ƙara yawan tsalle, alhali jijiyar ba ta kai ga ɗaukar wannan kaya ba. Agara, wato jijiyar bayan diddige, ita ma haka take. Abin da masu horarwa suka saba bayarwa domin ƙarfafa jijiyar gwiwa shi ne a jingina baya da bango a zauna kamar kan kujerar da babu ita, a riƙe na sakan 30 zuwa 45, a huta, a maimaita sau 4 ko 5. Idan ka tashi da safe bayan atisaye ka ji ciwon ya fi na jiya, kayan sun yi yawa, sai ka rage tsalle. Idan gwiwa ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ciwon ya ƙi tafiya, maganar ta koma hannun likita ko masanin gashin ƙashi. Yaran da ke cikin girma kuma sai an fi sa musu ido, domin ƙasusuwansu ba su gama ƙwari ba.

Ƙarfi shi ne jarin tsalle. Atisayen da ake bukata ba su da yawa: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a miƙe, tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, da yin ɗage a bakin matakala domin sharaɓa. Sau 2 a mako ya isa, ana yin zagaye 3 zuwa 5, kowane zagaye ɗagawa 3 zuwa 6 da nauyin da ke sa mutum ya ji a jikinsa amma bai ɓata tsayuwarsa ba. Masu horarwa da dama suna ɗaukar iya tsuguno da nauyin da ya kai ɗaya da rabi na nauyin jikin mutum a matsayin alamar cewa ƙafa ta yi ƙwari. Wanda bai taɓa ɗaga ƙarfe ba ya nemi mai horarwa ya tsaya a kansa a makonnin farko. Abin lura kuma shi ne ƙarfin da ake nema ana auna shi ne da nauyin jiki, domin duk kilon da ba ya taimakon tashi kaya ne da za a hau sama da shi.

Bayan ƙarfi sai koya wa tsoka ta saki ƙarfin cikin ƙiftawar ido. A nan ake amfani da dabarar da masanin Tarayyar Sobiyet Yuri Verkhoshansky ya bunƙasa, wato mutum ya faɗo daga kan akwati, da zarar ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya sake tashi sama nan take kamar ƙasar tana ƙuna. Shi da ƙwararrun 'yan wasa ya yi aiki, don haka mai koyo kada ya wuce akwatin santimita 30 zuwa 45, kuma kada ya fara sai ya ƙware a sauka ya kuma yi watanni yana gina ƙarfi. Tsalle kaɗan masu inganci ake so, misali 5 a zagaye, zagaye 3 ko 4, da hutu mai tsawo a tsakani. Ana barin aƙalla kwana 2 tsakanin ranakun tsalle mai nauyi, kuma bayan mako 3 ko 4 na aiki a sassauta mako guda. Sau da yawa a ƙarshen wannan makon sassauci ne tabon alli yake matsawa sama, domin a lokacin hutu da barci jiki yake gina abin da atisaye ya nema daga gare shi.

Idan yatsu sun fara wuce zobe, sai a shigo da ƙwallo daki-daki. A fara da ƙwallon tanis, a koma ƙwallon raga, sannan ƙaramar ƙwallon kwando, kafin a zo kan babba. Idan akwai kwandon da ake iya saukar da shi, yana da amfani ƙwarai wajen koyon lokaci da motsin wuyan hannu, da sharaɗin a riƙa ɗaga shi a hankali. Faɗin zobe kimanin santimita 45 ne, na ƙwallo kuma kusan 24, saboda haka wuri ya wadata, abin da ake bukata shi ne ƙwallon ta kasance a saman zobe kafin a danna ta, in ba haka ba ta bugi ƙarfe ta dawo. Wanda tafin hannunsa ba ya iya cafke ƙwallo yana da mafita: ya cilla ta sama ta faɗo ta yi tsalle kusa da kwando, shi kuma ya taho hannu wofi ya same ta a sama. Mutane da yawa ta wannan hanya suke samun dank na farko, domin hannuwan suna da 'yancin wurgawa. Kada a riƙa lilo a jikin zobe sai don kauce wa faɗuwa, kuma kada a yi dank a kwandon da ba a kafe shi da kyau ba. A 1979 Darryl Dawkins ya farfasa allon gilashi har sau 2 a wasannin NBA, abin da ya taimaka aka koma amfani da zoben da ke lanƙwasawa ya dawo. Ba kowane fili ne ke da irinsa ba.

Mai niyyar shiga gasa ya kamata ya san gidan da zai shiga. Daga 1967 zuwa 1976 an haramta dank a wasannin jami'o'in Amurka, dokar da mutane da yawa suke dangantawa da bajintar Lew Alcindor, wani dogon ɗan wasan jami'a na lokacin, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar. NBA ta mayar da gasar dank abin shekara-shekara daga 1984, inda Larry Nance ya yi nasara. A 2000 a Oakland, Vince Carter ya buɗe da cikakken juyi haɗe da wulwula hannu, daga baya ya zura hannunsa cikin zobe har gwiwar hannu, kuma har yau da wannan dare ake auna sauran. Mata ma suna da tarihinsu: Georgeann Wells ta yi dank a wasan jami'a a 1984, Lisa Leslie kuma ita ce ta farko da ta yi shi a gasar ƙwararrun mata ta WNBA a 2002. A gefe guda akwai waɗanda dank kaɗai ne sana'arsu, irin su Kadour Ziani da Guy Dupuy na Faransa da Jordan Kilganon na Kanada, waɗanda sukan ƙirƙiro salon da sai daga baya ake ganinsa a manyan filaye. Mac McClung mai tsayin mita 1.88, wanda ya fi buga wasa a ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, ya lashe kambin gasar dank ta NBA sau 3 a jere daga 2023 zuwa 2025. Idan kana kallon bidiyonsu, ka sauke idonka daga ƙwallo ka kalli ƙafafunsu.

A irin wannan gasa alƙalai 5 ne aka saba sakawa, kuma maki 50 shi ne ƙololuwa. Suna duba wahalar dank, da sabunta, da tsawon tashi, da ƙarfin dannawa, da kuma ko ya shiga a gwajin farko. Wannan na ƙarshe ina ba shi muhimmanci fiye da yadda matasa suke ba shi. Ko wanda ya tashi mita guda cur ba ya cika sakan ɗaya a sama, don haka duk wani juyi ko wuce da ƙwallo ta tsakanin ƙafafu dole ya zama hannu ya riga ya haddace shi tun a ƙasa. A 2006 Nate Robinson ya yi gwaji 14 kafin dank ɗinsa na ƙarshe ya shiga, kuma ko da yake ya yi nasara a kan Andre Iguodala, mutane ba su daina jayayya a kan hukuncin ba. Shawarata ita ce kada ka kai gasa wani dank da ba ya shigar maka aƙalla sau 7 cikin 10 a atisaye. Ka shirya 4 ko 5, ka fara da wanda ka fi amincewa da shi domin ka kama zukatan 'yan kallo, ka ajiye mafi wahala zuwa zagayen ƙarshe, ka kuma riƙe ɗaya a aljihu saboda kunnen doki. A 2016 a Toronto, LaVine da Gordon sun yi ta karawa bayan zagayen ƙarshe har sai da kowannensu ya shiga lalubo abin da ya rage masa. Ka kuma shirya zuciyarka ga hukuncin da ba zai yi maka daɗi ba, domin alƙalai mutane ne: a 1988 a Chicago an ba Wilkins maki 45 a dank ɗinsa na ƙarshe, Jordan ya samu 50 ya yi nasara, kuma a 2020 Gordon ya tsallake wani dogon ɗan wasa mai suna Tacko Fall amma ya tashi da 47.

Tsallake mutum ko wani abu yana burge 'yan kallo, kamar yadda Hamidou Diallo ya tsallake Shaquille O'Neal a 2019, sai dai haɗarin a kan mutum biyu yake. Kada ka gwada shi a gaban jama'a sai kun maimaita shi da wannan mutumin kansa, ya san inda zai tsaya, da yadda zai riƙe ƙwallo, da cewa ba zai ɗago kai ba sai ya ji ka dira. Ranar gasa ka isa da wuri, ka taɓa zoben ka ji ko mai lanƙwasawa ne, ka taka filin ka ji ko yana santsi, ka goge ƙasan takalminka da ɗanyen ƙyalle, sannan ka auna takunka daga kwando zuwa baya ka sa alamarka. Ka ɗumama jiki har ka yi gumi, ka yi 'yan tsalle kaɗan masu ƙarfi, kada ka ƙarar da ƙafarka wajen nuna bajinta tun ba a fara ba da maki ba. Tsakanin zagaye da zagaye ka riƙa tattaki don kada jiki ya huce. Idan an tashi, ka ba gwiwa kwana 2 ko 3 ba tare da tsalle ba, sannan ka zauna da bidiyon gasar ka duba kowane dank da ya kuɓuce maka, ka fara binciken daga takun kusa da na ƙarshe.